Yadda Ake Zama Lauya ko Alƙali a Fannin Haƙƙin Ƙirƙira na Ƙasa da Ƙasa

Tambayar da ƙannena ɗaliban shari'a suka fi turo mini ita ce: "Barista, ta ina ake bi a zama lauyan haƙƙin ƙirƙira na duniya?" Nakan fara musu da abin da ba su so ji ba. Babu takardar haƙƙin ƙirƙira ta duniya. Wadda ofishin rajista na Abuja ya ba ka, iyakarta Najeriya. Kana wuce Jibiya ka nufi Maraɗi, ƙarfinta ya ƙare. Ta Amurka ma haka, ta Jafan ma haka. Abin da ke akwai shi ne yarjejeniyoyin da suka ɗinke ofisoshin ƙasashe, da wasu ofisoshin yanki, da 'yan kotunan haɗin gwiwa. A tsakankanin waɗannan ne abincin lauyan ƙasa da ƙasa yake. Kowace ƙofa kuma da sharaɗinta: wata digirin kimiyya take tambaya, wata harshe, wata kuwa fasfo, wanda ba ƙwazonka ke ba ka shi ba.

Ni ilimin sinadarai na fara karantawa a Zariya, na ɗan koyar a sakandare, sannan na koma Kano na yi digirin shari'a, na wuce makarantar lauyoyi ta Bagauda. Yanzu ina wani ofishin lauyoyi a Abuja, kuma yawancin aikin da ke kan teburina ta imel yake zuwa, daga wakilan kamfanoni a Landan, Munich, Dubai da Johannesburg. Da wannan idon nake magana.

Fara da sanin wane aiki kake nufi

Mallakar fasaha babban gida ne. Akwai haƙƙin ƙirƙira, wanda ke kare sabon inji ko sabon magani ko sabuwar hanyar sarrafa abu na tsawon shekara 20. Akwai tambarin kasuwanci, wato suna da alamar da ke jikin kaya. Akwai haƙƙin mallaka na marubuta da mawaƙa da masu fim. Akwai kuma siffar kaya, irin zanen atamfa ko ƙirar kwalba. Uku na ƙarshen, duk lauya mai himma zai iya koyonsu. Na farkon ne ke da tsauri, domin takardar ƙirƙira rabinta kimiyya ce, rabinta shari'a.

A cikinsa ma aikin ya rabu. Akwai wakilin da ke zama da mai ƙirƙira ya rubuta takardar, ya yi ta ja-in-ja da ofishi har a amince. A Turai da Jafan yawancin irin waɗannan ba lauyoyi ba ne, injiniyoyi ne da masana kimiyya da suka ci jarrabawa ta musamman. Akwai jami'in tantancewa na ofishin gwamnati, wanda ke binciken ko abin sabo ne. Akwai lauyan kotu, mai kai ƙara idan an kwaikwayi ƙirƙira ko mai neman a soke takardar wani. Akwai masu zama a teburin yarjejeniya a madadin ƙasashensu. Sai alƙali, wanda kusan kullum daga ɗaya cikin waɗancan yake fitowa.

Idan har yanzu kana matakin zaɓen digiri na farko kuma rubuta takardun ƙirƙira ne burinka, yi kimiyya ko injiniya tukuna, shari'a ta biyo baya. Idan kuwa ka riga ka yi nisa a shari'a, kada ka karaya. Kotu, lasisi, tambari da tsara manufofi duk a buɗe suke gare ka, sai dai dole ka saba da zama kusa da injiniya kana tambayarsa har ka gane.

Koyi karanta iƙirari

Wannan shi ne ƙashin bayan sana'ar, shi ya sa zan daɗe a kansa. Kowace takardar ƙirƙira tana da dogon bayani da zane-zane, amma a ƙarshenta akwai wasu jimloli masu lamba da ake kira iƙirari. Su ne kan iyakar gonar. Abin da ke cikinsu naka ne, abin da ke waje na kowa ne, komai kyan bayanin da ka zuba a shafukan baya.

A ce wani injiniya a Kura ya ƙera na'urar busar da tumatir da hasken rana. Ya zo maka yana cewa sirrin na'urar shi ne fankar da ya ɗaura da kusoshi huɗu a saman akwatin gilashi. Idan ka rubuta "kusoshi huɗu" a iƙirari na farko, maƙerin da ke kusa da shi zai yi walda a maimakon kusa, ya fita daga iyakarka cikin ruwan sanyi. Idan ka rubuta "gilashi", wani zai sa leda mai kauri. To sai ka ce bari ka faɗaɗa: "akwati mai barin haske ya shiga, da abin da ke motsa iska". Nan kuma jami'in tantancewa zai zaro maka tsofaffin takardu daga Indiya da Jamus, ya ce an daɗe da sanin wannan. Aikinka shi ne ka yi ta tambayar injiniyan har ka gano ainihin abin da ya bambanta nasa. Wataƙila ba fankar ba ce sam, yadda ya karkata hanyar iska ne har danshi ba ya komawa kan tumatirin. Sau da yawa mai ƙirƙira bai san inda sabon abin nasa yake ba, domin ya fi alfahari da ɓangaren da ya fi ba shi wahala.

Ga matsalar da ɗan Najeriya zai fuskanta. Dokarmu ta 1970 ba ta ce a binciki ko ƙirƙira sabuwa ce kafin a ba da takarda ba. Magatakarda yana duba cikar takardu ne da biyan kuɗi, sahihancin abin kuwa sai in an je kotu. Saboda haka lauya zai iya shekara da shekaru yana shigar da takardu a Abuja ba tare da ya taɓa musu da jami'in tantancewa ba. Wannan giɓi kai za ka cike shi da kanka, kuma kayan aikin kyauta ne a intanet: shafukan binciken takardun ƙirƙira na Espacenet, Patentscope, Google Patents, da rajistar ofishin ƙirƙira na Turai, inda za ka ga duk wasiƙun da aka yi musaya tsakanin ofishi da wakili.

Ga yadda nake sa yaran ofishinmu su yi. Ɗauki takarda ɗaya a fannin da ka sani. Rufe shafin iƙirari. Karanta bayanin, ka rubuta naka iƙirarin, sannan ka buɗe ka kwatanta. Daga nan ka shiga fayil ɗin ka ga me jami'in ya ƙi, me wakilin ya amsa, wace kalma ya ƙara har aka amince. Wanda ya lizimci wannan duk mako zai fi mai digiri na biyun da bai taɓa buɗe fayil ba.

Ranaku

Lauyan kotu a gida ya saba da neman ƙarin lokaci. A wannan fanni akwai wa'adin da in ya wuce, sai dai haƙuri. Yarjejeniyar Faris ta 1883 ta ba mai ƙirƙira wata 12 daga ranar da ya fara shigar da takarda a ƙasa ɗaya ya shigar a sauran, a ɗauka kamar rana ɗaya ya yi. Tambari da siffar kaya wata 6 ne. Yarjejeniyar PCT ta 1970, wadda ƙasashe fiye da 150 ke ciki, Najeriya ma tun 2005, ta ba shi damar shigar da takarda ɗaya ya jinkirta zaɓen ƙasashe har wata 30, a wasu ofisoshin 31. Ana buga takardar kowa ya gani bayan wata 18. A yawancin ƙasashe, kowace shekara akwai kuɗin raya ta. Tambari a Najeriya shekara 7 yake yi da farko, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14, alhali a Nijar duk shekara 10 ne. Abokan aikinmu na waje ba sa tambayar wace jami'a ka yi. Abin da suke lura da shi, ko kana amsa wasiƙa a ranar da ta zo, ko kuma ka taɓa barin wa'adi ya kuɓuce.

Wani abin da za ka riƙa faɗa wa mutane har bakinka ya gaji: kada su nuna kafin su shigar. Matashi ya ƙera abu, murna ta sa ya ɗora bidiyo a Facebook ko TikTok, sai bayan wata uku ya zo neman lauya. Amurka tana yafe wa mai ƙirƙira shekara guda a kan abin da shi da kansa ya bayyana. Turai ba ta da wannan sassauci, da bakinsa ya kashe sabuntar abinsa.

Wace ƙofa ce fasfonka ke buɗewa

Ofishin ƙirƙira na Turai, mai hedikwata a Munich ta Jamus, ƙasashe kusan 40 ke cikinsa, kuma 'yan waɗannan ƙasashe yake ɗauka aiki. Zama wakili a gabansa yana buƙatar digirin kimiyya ko injiniya, da kimanin shekara uku ana koyo a ƙarƙashin wakili, da jarrabawar da ta yi suna wajen kayar da mutane. A ƙa'ida kuma ana son ɗan ƙasa mai ofis a cikin yankin. Harsunan aikinsa Ingilishi, Jamusanci da Faransanci. Amurka ma tana da jarrabawar ofishinta, tana neman shaidar karatun kimiyya, kuma cikakkiyar rajista ta 'yan ƙasa ce da masu izinin zama na dindindin. Wanda ke zaune a Kano ko Damagaram kada ya kashe kuɗinsa kan littattafan waɗannan jarrabawoyi sai ya tabbata za a bar shi ya zauna musu.

Lauyan da ya yi karatu a Najeriya ko Gana yana da hanyoyi biyu da aka fi bi zuwa waje: jarrabawar SQE, wadda tun 2021 ta zama hanyar zama lauya a Ingila, da jarrabawar lauyoyi ta New York, galibi bayan digiri na biyu a Amurka.

Amma ni a ganina babbar dama a gida take, kuma mutane ba sa kallonta. Afirka tana da ofisoshin yanki biyu. OAPI tana Yawunde, ƙarƙashin yarjejeniyar Bangui ta 1977, da ƙasashe 17, ciki har da Nijar, Kamaru da Cadi. Rajista ɗaya ta wadatar a dukkansu. ARIPO tana Harare, da ƙasashe fiye da 20, ciki har da Gana da Sudan. A can mai nema ne ke zaɓen ƙasashen da yake so. Najeriya ba ta cikin ko ɗaya, ba ta kuma cikin tsarin Madrid na rajistar tambari a ƙasashe da yawa. Ma'ana, duk kamfanin duniya da ke son kare kayansa a kasuwar da ta fi kowace yawan jama'a a Afirka dole ya nemi lauya a nan. Ana iya musu kan ko wannan keɓewar alheri ce ga ƙasa, ni kaina ina da ja a kai, amma ga lauya aiki ne.

Ɗan'uwana na Nijar, kai taka hanyar ita ce neman amincewar OAPI a matsayin wakili, kuma Faransancin da ka yi karatu da shi jari ne. Idan ka ƙara Ingilishi, kamfanonin Legas da Landan da kansu za su neme ka. Haka ɗan Najeriyar da ya koyi Faransanci. Kaya ɗaya ne ke yawo tsakanin Kantin Kwari da kasuwar Maraɗi, jabunsa ma ɗaya ne, amma dokoki biyu ne da harsuna biyu, kuma waɗanda suka iya duka biyun ba su da yawa. A 2021 OAPI ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajistar alamar asali, wato sunan ya zama na masu yin abin a yankinsa bisa ƙa'idar da aka rubuta. Wani ne ya zauna da mahauta da manoma ya rubuta wannan ƙa'ida, kuma irin aikin da ɗan gida ya fi baƙo iyawa ke nan.

Masu Larabci ma kada su raina abin hannunsu. Larabci yana cikin harsuna goma da ake buga takardun PCT da su, kuma ƙasashen Larabawa suna faɗaɗa ofisoshinsu. A Riyad aka ƙulla yarjejeniyar siffar kaya a Nuwamban 2024.

Karatu

Fara da kwas ɗin DL-101 na makarantar WIPO, hukumar mallakar fasaha ta duniya, ta intanet ake yi kuma kyauta ne. Bayan shi akwai digiri na biyu da WIPO ke haɗa gwiwa a kai: a Jami'ar Afirka da ke Mutare ta Zimbabuwe da jami'ar KNUST ta Kumasi tare da ARIPO, a Yawunde tare da OAPI, da kuma Turin ta Italiya. Akan ba da tallafi ga wasu ɗalibai, musamman ma'aikatan gwamnati da malaman jami'a. Mai hali ko mai sa'ar tallafi zai iya duba MIPLC a Munich, Queen Mary a Landan, ko CEIPI a Strasbourg. Shawarata ita ce ka yi aiki shekara biyu ko uku kafin ka tafi. Wanda bai taɓa riƙe fayil ba, laccar Munich za ta wuce ta saman kansa.

Kujerun Janeba

WIPO hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ce mai mazauni a Janeba ta Siwizalan, an kafa ta da yarjejeniyar 1967, kuma tun 2020 tana da ofishi a Abuja. A nan fasfon Afirka ba cikas ba ne. Kamil Idris ɗan Sudan ya shugabance ta daga 1997 zuwa 2008. Edward Kwakwa ɗan Gana ya daɗe yana babban lauyanta kafin ya zama mataimakin shugaba. Ruth Okediji a Jami'ar Jos ta yi digirin shari'a, yau farfesa ce a Harvard, kuma tana cikin waɗanda suka ja ragamar tattaunawa a ɓangaren Najeriya har aka cimma yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda ta sauƙaƙa wa makafi samun littattafai. Ke ƙanwata da ake ce wa wannan fanni na maza ne, ga amsa nan.

Ana shiga ta horon ɗalibai, ko shirin matasan ƙwararru na shekara biyu, ko kuma ta hanyar da aka fi mantawa da ita: aikin gwamnati a gida. Wanda ke Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, ko NOTAP mai rajistar yarjejeniyoyin shigo da fasaha daga waje, ko ofishin rajista, ko ma'aikatar harkokin waje, shi ake turawa taro, shi ake sani, shi ake tunawa idan gurbi ya buɗe.

Alƙalanci

Ba a neman aikin alƙalin ƙirƙira daga makaranta. Hanyoyin da ƙasashe ke bi sun bambanta, kuma sanin su zai nuna maka inda za ka sa ƙafa.

Ingila daga cikin manyan lauyoyin kotu take zaɓa, kuma da yawansu da kimiyya suka fara. Robin Jacob kimiyya ya karanta a Cambridge kafin shari'a, ya shekara kusan 30 yana lauya, ya zama alƙalin babbar kotu a 1993, ya hau kotun ɗaukaka ƙara a 2003. Colin Birss ilimin ƙarafa ya karanta. Shi ne a 2017, a shari'ar Unwired Planet da Huawei, ya yanke kuɗin lasisin da za a biya kan fasahar wayar salula a duniya baki ɗaya, ba a Ingila kaɗai ba, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2020. Ka ga alƙalin ƙasa ɗaya, amma hukuncinsa ya taɓa aljihun kamfanoni a nahiyoyi da dama. Yawancin abin da ake kira alƙalancin ƙasa da ƙasa a wannan fanni haka yake. Indiya ma wannan hanya take bi: Prathiba Singh fitacciyar lauyar mallakar fasaha ce kafin a naɗa ta babbar kotun Delhi a 2017, kotun da ta buɗe sashe na musamman na wannan fanni a 2021.

Jamus tata dabarar daban ce. Alƙalanci sana'a ce da ake shiga tun da ƙuruciya, sannan tun 1961 tana da kotun ƙirƙira ta tarayya a Munich, inda masana kimiyya ke zama a matsayin cikakkun alƙalai. Idan ana shari'ar soke takarda, alƙalan fasaha uku ne da na shari'a biyu. Yawancin na fasahar tsofaffin jami'an tantancewa ne. A Amurka kuwa duk ɗaukaka ƙarar ƙirƙira kotu ɗaya take zuwa tun 1982, shugaban ƙasa ke naɗa alƙalanta. Pauline Newman, wadda aka naɗa a 1984, tana da digirin digirgir a sinadarai kuma ta shekara 30 a kamfanin FMC kafin nan.

Sabon abu shi ne kotun ƙirƙira ta haɗin gwiwar Turai, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yunin 2023, yanzu da ƙasashe 18. Hukunci ɗaya yana aiki a dukkansu. Kotun ɗaukaka ƙararta tana Luxembourg ƙarƙashin Klaus Grabinski, wanda ya fito daga kotunan Düsseldorf da kotun ƙolin tarayyar Jamus. Babban sashenta yana Faris, Munich da Milan. Ta ɗauki salon Jamus na haɗa alƙalan shari'a da na fasaha, ana naɗa su shekara 6, kuma kowane zama sai an cakuɗa 'yan ƙasashe daban-daban. Da yawa cikin alƙalan fasahar wakilai ne masu ofisoshinsu, alƙalancin na ɗan lokaci ne, abin da ya jawo muhawara kan son kai har aka tsaurara musu ƙa'ida. Sharaɗin farko dai shi ne zama ɗan ɗaya daga cikin ƙasashen. Mu namu karanta hukunce-hukuncenta ne, kuma ya kamata mu karanta, domin duk ranar da Afirka ta tashi yin irinta, nan za a leƙa.

A Najeriya, sashe na 251 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba Babbar Kotun Tarayya shari'o'in ƙirƙira, tambari da haƙƙin mallaka. Ana buƙatar shekara 10 da zama lauya kafin a naɗa mutum, bisa shawarar Majalisar Shari'a ta Ƙasa. Alƙalin da ya saurari ƙarar ƙirƙira da safe, shi ne zai saurari ta haraji ko ta miyagun ƙwayoyi da rana. Don haka mai wannan buri kada ya ƙuntata kansa: ya yi shari'a iri-iri, ya tara hukunce-hukuncen da ya tsaya a kansu tun daga farko har ƙarshe, domin su ake dubawa, sannan mallakar fasaha ta zama abin da aka san shi da shi. Lauyan da ya ƙare rayuwarsa a cike fom ɗin rajista ba shi da abin nunawa a ranar. A Nijar kuwa tun farko ake shiga layin alƙalai ta jarrabawa da makarantar horo, kuma OAPI tana da kwamitin ɗaukaka ƙara da alƙalan ƙasashen ƙungiyar ke zama a ciki. Wannan kujera ce ta ƙasa da ƙasa ta gaske da ɗan Nijar ko ɗan Cadi zai iya hawa.

Akwai kuma wani alƙalancin da ba a sa masa riga. Cibiyar sasanci ta WIPO, wadda aka kafa a 1994, tana yanke rigingimun sunayen shafukan intanet tun 1999. Wani ya yi rajistar sunan kamfaninka yana jiran ka saya da tsada, sai ka kai ƙara. Mutum ɗaya ko uku ke yanke hukunci, a kan takarda kawai, cikin mako biyu da naɗa su, kuma daga ƙasashe da yawa ake zaɓo su. Duk hukunce-hukuncen suna intanet. Gajeru ne, tsarinsu ɗaya, kuma ban ga abin da ya fi su koya wa matashin lauya yadda ake rubuta hukunci ba tare da surutu ba.

Wane ɓangare za ka tsaya

Wannan fanni ba na masu kare takarda kaɗai ba ne. A 1994 ofishin Turai ya ba kamfanin W.R. Grace da ma'aikatar noma ta Amurka takarda kan maganin cutar shuka da aka haɗa da man darbejiya, itacen da ke ƙofar gidan kowa a ƙasar Hausa. Dokar Turai ta ba kowane mutum wata 9 ya ƙalubalanci takarda bayan an bayar. Wasu 'yan fafutuka, ciki har da Vandana Shiva ta Indiya, suka shigar da ƙorafi. An soke takardar a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. Abin lura ga lauya shi ne, ba cewar "kakanninmu sun san wannan" ce ta ci shari'ar ba. Shaida ce aka kawo ta wanda ya yi amfani da irin wannan haɗin a gonakin Indiya shekaru kafin a nemi takardar, da bayanin yadda ya haɗa da lokacin da ya yi.

Haka rigimar magunguna. Yarjejeniyar TRIPS ta 1994 ta wajabta wa ƙasashen ƙungiyar ciniki ta duniya kare ƙirƙira, sanarwar Doha ta 2001 kuma ta tabbatar musu da 'yancin fifita lafiyar jama'a. A wannan shekarar ce kamfanonin magani 39 suka janye ƙarar da suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu kan dokar sauƙaƙa farashin magani. A 2013 Kotun Ƙolin Indiya ta hana kamfanin Novartis takarda kan wani sabon nau'in maganin sankarar jini na Glivec. A kowace cikin waɗannan akwai ƙwararrun lauyoyi a ɓangarorin biyu. Kuɗin ya fi yawa a wajen manyan kamfanoni, ba sai an faɗa ba. Amma ka sani, idan ofishinku ya karɓi aikin kamfani ɗaya, ya rufe wa kansa ƙofar abokin hamayyarsa, don haka ka tambayi su wa ofis ke wakilta tun kafin ka karɓi takardar ɗaukar aiki.

Shekarun farko ba su da armashi. Binciken tambari ne, da sabunta rajista, da bin ɗan sanda ko jami'in kwastan zuwa shagon da ake zargin jabu, da rubuta wa wakilin waje rahoto cikin Ingilishi mai tsabta. Manyan tarukan da ake ƙulla hulɗa, irin na ƙungiyoyin masu wannan sana'a na duniya, INTA da AIPPI, tsada gare su, ofis ne ke tura mutum, kuma ba ya tura sabon shiga. Abin da ke hannunka shi ne rubutu. Duk lokacin da Babbar Kotun Tarayya ta yanke hukunci a wannan fanni, ka taƙaita shi a shafi ɗaya ka wallafa. Wakilan waje suna neman mai gaya musu abin da ke faruwa a nan, kuma ta haka suke haddace suna.

A Mayun 2024 ƙasashen WIPO suka amince da yarjejeniyar da za ta tilasta wa mai neman takardar ƙirƙira ya faɗi ƙasar da ya samo tsiro ko ƙwayar halittar da ya gina ƙirƙirarsa a kai, da al'ummar da ta ba shi ilimin gargajiyar. Za ta fara aiki wata uku bayan ƙasashe 15 sun tabbatar da ita, Malawi ce ta fara. Kowace ƙasar da ta shiga sai ta gyara dokarta, ta horar da jami'anta da alƙalanta, ta kuma samu waɗanda za su iya zama da mai maganin gargajiya su rubuta abin da ya sani da kwanan wata, ta yadda jami'in tantancewa a Munich zai karɓa a matsayin hujja.